Gargaɗi ga Jama'a: Sifro Ba Maganin Kowane Zazzaɓi Ba Ne

Jama'a, a yi hattara da sifro. Ina nufin ƙwayar nan da ake rubuta Ciprofloxacin a jikin kwalinta, da 'yan uwanta irin su Ofloxacin, Levofloxacin, Norfloxacin, Pefloxacin da Moxifloxacin. Duk maganin da kuka ga sunansa ya ƙare da "floxacin", ɗan gidan ne. Magunguna ne masu ƙarfi, sun ceci rayukan da Allah kaɗai Ya san adadinsu. Amma suna iya tsinka wa mutum agara, su lalata masa jijiyoyin ƙafa da na hannu, su rikita masa bugun zuciya, su kayar masa da sukarin jini har ya suma. Wasu daga cikin waɗannan illoli kan ɗauki watanni ko shekaru, wasu kuma mutum ya mutu da su ba su sake shi ba.

Ba raɗe-raɗi nake kawo muku ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa an buga gargaɗi mafi tsanani da take da shi a takardar waɗannan magunguna tun 2008, ta kuma yi ta ƙara masa nauyi har 2018. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da su a 2019. A Janairun 2024 Birtaniya ta umarci likitocinta kada su rubuta su sai idan sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka saba bayarwa ba za su yi ba. A can ke nan, inda ba ka samun ko ƙwaya ɗaya sai da takardar likita, kuma akwai mai bibiyar halin da kake ciki bayan ka sha.

Mu kuwa a nan, daga Kano zuwa Sakkwato, daga Maraɗi zuwa Damagaram, kowa ya san yadda abin yake. Mutum ya kwana biyu da zazzaɓi da ciwon kai, ya leƙa kyamis ɗin unguwa, kafin ya gama bayani an ce masa, "Maleriya ce da taifod." A haɗo masa na sauro, a ɗora sifro, a ƙara da na ciwon jiki. Mace ta ji zafi wajen fitsari, maƙwabciya ta ce sanyi ne, ta ɗauko mata ragowar sifron da ta sha bara. Yaro ya yi gudawa sau biyu, a raba ƙwaya a dama masa. Mai tallar magani a tasha yana yanka maka na kuɗinka, ƙwaya biyu ko uku, bayan katin ya wuni a rana. Wani ma ba ya yarda an yi masa magani sai an rataya masa ruwan sifro a ɗaki. Wannan ɗabi'a ce nake roƙon a bari, kuma zan faɗi dalili dalla-dalla, don wanda ya san yadda maganin ke aiki a jikinsa ba zai ƙara ɗaukarsa abin wasa ba.

Asalin dangin yana da alaƙa da maganin da iyayenmu suka sani, kulorokwin. A 1962 wani masanin haɗa magunguna ɗan Amurka, George Lesher, da abokan aikinsa suka fito da wani magani da suka samo tushensa daga abin da ke fita a gefe yayin haɗa kulorokwin. Rarrauna ne, bai wuce cutar mafitsara ba, kuma ƙwayoyin cuta ba sa daɗewa suke saba masa. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Kyorin na Jafan ya yi masa gyara, cikin gyaran har da liƙa masa ƙwayar zarra guda ɗaya tak ta wani sinadari mai suna fulorin. Haka aka haifi Norfloxacin. Kamfanin Bayer na Jamus ya biyo baya da sifro, wanda ya shiga kasuwa a 1987. Wannan ƙarin na fulorin ya sa maganin ya ninka ƙarfi, ya kuma koyi kutsawa inda kakansa ba ya iya kaiwa.

Fulorin shi kaɗai iska ce mai guba, mai ƙona kusan duk abin da ta taɓa. Amma idan ya kama kabon, wato sinadarin da aka gina yawancin magunguna a kansa, riƙon da yake masa yana cikin mafi ƙarfi da masana suka sani. Masu haɗa magunguna suna sonsa saboda abu biyu: yana hana hanta saurin farfasa magani, yana kuma sauya yadda magani ke ratsa jiki da yadda yake manne wa abin da aka aike shi ya kama. Shi ya sa kusan kashi 20 cikin 100 na magungunan zamani suna ɗauke da shi. Kada a haɗa wannan da irin fulorin da ke cikin man goge baki. Wancan hali daban ne, magana daban.

To, ina ne maganin yake kutsawa? Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kuma kowace ɗaya a lulluɓe take da wani tantani na maiƙo mai ninki biyu. Sirantarsa ta kai a ce sai an jera sama da 10,000 kafin su yi kaurin takarda ɗaya, amma rayuwar ƙwayar gaba ɗaya a kansa ta rataya. Ku ɗauke shi kamar katangar gida da zaurenta: katanga ta tsare abin da bai kamata ya shiga ba, a zaure kuma ake sallama, a nan ake karɓar saƙo, a nan ake sanin wa zai shiga wa zai fita. A jikin tantanin akwai ƙananan ƙofofi, wata ta gishirin fotasiyam, wata ta kalsiyam, wata mai karɓar saƙon jijiya. Akwai kuma wasu 'yan maɗaurai da suka ɗaure ƙwayar a jikin naman da take zaune. Bugun zuciyarka, barcinka, fitar insulin bayan ka ci tuwo, duk buɗewa da rufewar waɗannan ƙofofi ne a kan lokaci.

Magunguna da yawa a waje suke tsayawa. Dangin fenisilin, alal misali, bangon ƙwayar cutar suke rusawa, kuma ba sa shiga ƙwayoyin halittarmu sosai. Sifro ba haka yake ba. Yana ratsa tantanin ƙwayar cuta ya shiga har ƙuryarta, ya kama sinadaran da ke warware mata zaren DNA lokacin da za ta hayayyafa, zaren ya kakkarye, ta mutu. Yana kuma ratsa tantanin namu ƙwayoyin. Wannan ne ya sa ya yi suna a kan taifod, domin ƙwayar taifod ɓuya take yi a cikin fararen ƙwayoyin jininmu, sifro kuwa yana bin ta har can. Yana kaiwa ƙashi, huhu, ƙoda da mafitsara. A ranar da ake buƙatarsa da gaske, wannan rahama ce. Amma maganin da ke shiga ko'ina ba ya tambayar ko akwai cuta a inda ya shiga. Mai lafiyar da ya sha shi saboda mura, tasa agarar da tasa zuciyar ne za su karɓe shi, alhali babu ƙwayar da zai kashe.

Na fara da agara, don ita ce illar da ta fi fitowa fili, ita ce kuma mutanenmu ba sa taɓa dangantawa da magani. Sifro da danginsa suna da kwaɗayin maganiziyam. Duk inda suka same shi sai sun damƙe. Su kuwa maɗauran da suka riƙe ƙwayoyin agara da na guringuntsi a muhallinsu, ba sa aiki sai da maganiziyam. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi da kan ƙwayoyin da aka raina a ɗakin bincike sun nuna maganin yana raunana wannan riƙo, yana rage ƙera zaren da agara ke samun ƙarfi da shi, yana kuma ƙara sinadaran da ke cinye zaren. Sakamakon shi ne ciwo da kumburi a bayan diddige ko a sha-raɓa, wani lokaci a kafaɗa ko hannu. Idan aka ci gaba da sha ana kuma ci gaba da takawa, agarar na iya tsinkewa, wani har ya ji ƙararta. Abin na iya farawa cikin awa 48 da shan ƙwayar farko, yana kuma iya jinkirtawa sai bayan watanni da gama maganin. Manomi ko ɗan dako ko mai tura baro da agararsa ta tsinke, abincin gidansa ne ya tsinke. Shi kuwa zai ce targaɗe ne, ya nufi mai ɗori, yana ci gaba da haɗiyar abin da ya jawo masa.

Waɗanda suka fi shiga wannan haɗari su ne wanda ya haura shekara 60, da mai ciwon ƙoda, da wanda aka yi wa dashen wata gaɓa, da mai shan magungunan da likitoci ke kira sitiroyid. A nan nake so iyayenmu mata da 'yan matanmu su buɗe kunne. Ƙwayar nan deksa, wato Dexamethasone, da ake sha don ƙiba da cikowar kumatu, wadda ake cusawa a haɗin sha-ka-fashe, sitiroyid ce, ita ma kuma tana ɗauke da fulorin. Haka Prednisolone da ake bai wa masu asma da masu ciwon gaɓoɓi, sitiroyid ce. Haɗa ɗayansu da sifro yana ninka haɗarin tsinkewar agara, har hukumomin Turai suka ce a guji haɗa su. 'Yar uwa, idan kina shan maganin ƙiba, ki faɗa wa likita ko bai tambaye ki ba. Kunyar minti ɗaya ta fi gurguncewa sauƙi nesa ba kusa ba.

Irin zaren da ke ƙarfafa agara, shi ne kuma ke ƙarfafa bangon babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya. A Disamban 2018 FDA ta yi gargaɗin cewa waɗannan magunguna na ƙara haɗarin kumburar wannan jijiya ko yagewarta, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru ba ya jira. Duk mai shan sifro da ciwo mai tsanani ya soke shi farat ɗaya a ƙirji ko baya ko ciki, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Sai jijiyoyin da ke ɗaukar ji. Mutum ya fara jin tafin ƙafarsa na zugi kamar an ɗora a garwashi, ko ana tsira masa allura, ko yatsunsa sun sage ba ya jin abin da ya taɓa. A 2013 FDA ta ƙarfafa gargaɗi a kan wannan, ta ce yana iya farawa cikin 'yan kwanaki, kuma yana iya zama na dindindin. A wurinmu, mai wannan hali za a ce masa sanyi ne ya kama shi, kuma abin takaici, maganin da ake bai wa mai sanyi a kyamis shi ne dai sifron.

A ƙwaƙwalwa akwai wata ƙofa a tantanin ƙwayoyinta wadda aikinta kwantar da su, ta hana su yin tartsatsi barkatai. Dangin sifro suna iya tare ta. Daga nan ne rashin barci ke zuwa, da fargaba ba gaira ba dalili, da ruɗewa, da gane-gane, har da farfaɗiya ga wanda yake da ita ko yake kusa da ita. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta ja hankali a 2023 cewa wasu har tunanin kashe kansu ke zo musu. Dattijon da ya fara sambatu kwana biyu bayan an ɗora shi a kan sifro, kafin a ce iska ce ko tsufa, a duba kwalin da ke gefen gadonsa. Magungunan ciwon jiki irin su Diclofenac da Ibuprofen suna ƙara wannan haɗari idan aka haɗa, su ne kuma abokan tafiyar sifro a ledar kyamis. Tiramol ma yana sauƙaƙa zuwan farfaɗiya, haɗa su ganganci ne. Akwai wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: sifro yana hana hanta saurin fitar da sinadarin da ke cikin goro da kofi da shayi. Mai cin goro da yawa zai iya jin zuciyarsa na dukan uku-uku, idonsa ya bushe har asuba, bai san daga ina ba. Mai asma da ke shan Theophylline ko Aminophylline, nasa ya fi muni, domin maganin kan taru a jininsa ya zama guba.

Zuciya kuwa, bayan kowace bugawa sai ƙofofin fotasiyam sun buɗe kafin ta shirya wa ta gaba. Waɗannan magunguna suna toshe wasu daga cikin ƙofofin, shirin ya jinkirta, Moxifloxacin ya fi, sifro bai kai shi ba. Ga mai lafiyayyar zuciya, yawanci abin kan wuce ba a sani ba. Ga mai ciwon zuciya, ko wanda amai da gudawa suka ƙarar masa da gishirin jiki, ko mai shan wani maganin da shi ma yake taɓa wannan ƙofa, bugun na iya rikicewa har ya faɗi. Kwinin yana cikin masu taɓa ta. Takardar da ke cikin kwalin maganin maleriya Coartem ma ta ambaci dangin sifro a jerin waɗanda ya kamata a guji haɗa shi da su. Ku tuna haɗin "maleriya da taifod" da ake ɗaure wa mutane kullum ba tare da an tambaye su lafiyar zuciyarsu ba.

Masu ciwon suga, ku ma da ku nake. Ƙwayoyin da ke fitar da insulin suna da tasu ƙofar, kuma rufe ta shi ne ainihin aikin Glibenclamide da kuke sha. Dangin sifro su ma suna iya rufe ta. Biyun suka haɗu, sai insulin ya kwararo fiye da kima, suga ya faɗi, gumi ya karyo, jiki ya ɗau rawa, mutum ya fita hayyacinsa. FDA ta ƙara wannan gargaɗi a Yulin 2018, bayan rahotannin waɗanda suka yi doguwar suma.

Gaskiya ce, kuma dole in faɗe ta: yawancin waɗanda suka sha sifro ba sa gamuwa da ko ɗaya daga cikin manyan illolin nan. Ƙalilan ne. Amma idan al'umma gaba ɗaya ta mayar da shi maganin kowane zafin jiki, ƙalilan ɗin nan sai su zama jama'a mai yawa, kuma mafi yawansu sun ɗauki haɗarin ne a banza. Mai cutar da za ta kashe shi, ya cancanci a yi kasadar. Mai mura bai cancanta ba, domin bairos ne ke kawo ta, sifro kuwa ba ya taɓa bairos. Shi ya sa a 2016 FDA ta ce kada a ba da su don ciwon hanci, ko tarin da ya taso wa mai daɗaɗɗen ciwon ƙirji, ko ƙaramar cutar mafitsara, muddin akwai wani zaɓi.

Tarihin dangin ya isa ya sa mutum ya nutsu. Temafloxacin ya shiga kasuwar Amurka a farkon 1992, kafin rabin shekarar ya wuce an janye shi, saboda yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini yana taɓa ƙoda. Grepafloxacin ya bi shi a 1999 saboda zuciya. Ƙwayar Gatifloxacin ta bar kasuwar Amurka a 2006 saboda rikita suga. Akwai kuma wanda mu mutanen Arewa ba ma buƙatar a tuna mana sunansa: Trovan. Asalin sunansa Trovafloxacin, ɗan wannan gida ne, da fulorin har uku a jikinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya yi gwajinsa a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano a kan yara kusan 200, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su Ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, aka yi shekaru ana shari'a, a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shi kuwa maganin, a 1999 Turai ta dakatar da shi, Amurka ta taƙaita shi, saboda yana kashe hanta. Mun yi fushi, kuma muna da hakkin yin fushi, cewa an bai wa 'ya'yanmu magani ba tare da an yi mana cikakken bayani ba. To yau da hannunmu muke miƙa wa 'ya'yanmu ɗan uwan wannan magani, ba gwaji, ba likita, ba awo. Likitoci ba sa bai wa yara da masu ciki da masu shayarwa sifro sai da dalili mai ƙarfi, tun da aka ga yana lalata guringuntsin ƙananan dabbobi masu tasowa.

Tushen wannan annoba ta shan sifro shi ne taifod ɗin da ba taifod ba. Taifod cuta ce ta gaske, tana kisa, tana huda hanji, kuma ruwan sha marar tsafta ya sa tana nan daram a garuruwanmu. Amma gwajin Widal da ake dogara da shi, tun 1896 wani likita Bafaranshe ya ƙirƙiro shi. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin da jini ya taɓa mayarwa yake aunawa. Wanda ya taɓa yin cutar a baya, ko ya tashi a inda take yawo, ko yake fama da maleriya a lokacin, gwajinsa na iya nuna alama alhali babu taifod a jikinsa. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a ɗauki jini a raina ƙwayar a ɗakin bincike, a kuma ga maganin da ke kashe ta. Wanda ake ce masa yana da taifod duk bayan wata biyu, shekara da shekaru, lallai ya nemi likita ya binciko ainihin abin da ke damunsa. Ana can ana bin taifod, wata cutar na ci gaba da cin sa.

Ƙwayoyin cuta kuma ba zaune suke ba. Duk lokacin da aka ba su sifro kaɗan, ƙwaya biyu yau, a daina gobe, masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su rage su hayayyafa. A tantaninsu suke shirya tsaron: su rage ƙofofin da maganin ke bi, su ƙara wasu famfuna da ke tofar da shi waje, su kuma sauya sinadaran da yake kamawa. A 2016 aka ga ɓullar wani nau'in taifod a lardin Sindh na Pakistan wanda ya gagari sifro da Ceftriaxone da tsofaffin magungunan baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sifro a rukunin magungunan da ta ce a sa wa ido, a riƙa tattalinsu. Masu kiwon kaji ma su ji: Enrofloxacin da kuke zubawa a ruwan kaji ɗan gidan ne, jikin dabba yana mayar da wani ɓangarensa sifro, kuma Amurka ta hana bai wa kaji shi tun 2005 saboda wannan dalili.

Ga wanda likita ya rubuta wa kuwa, akwai kuskuren da ke ɓata maganin tun daga ciki. Kwaɗayin nan nasa na maganiziyam ya haɗa da kalsiyam da sinadarin ƙarfe da zink. Wanda ya kora sifro da fura da nono, ko madara, ko yogot, ko ya sha shi tare da farin ruwan maganin gyambon ciki, ko ƙwayar ƙarin jini, wani kaso na maganin zai ɗaure a hanji ya fice bai shiga jini ba. A sha shi da ruwa mai yawa, awa 2 kafin maganin gyambo ko na ƙarin jini, ko awa 6 bayansu. A kuma rage zama cikin rana, don yana sa fata saurin ƙuna.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya zubar da maganin da rayuwarsa ta dogara a kai. Levofloxacin da Moxifloxacin ginshiƙai ne wajen maganin tarin fuka mai gardama. Mai shan su a ƙarƙashin kulawar asibiti kada ya daina da kansa, ya kai kukansa ga masu kula da shi. Sifro na cikin abin da ake bayarwa ga atuni mai jini. A gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, lokacin sanƙarau na 2017, wani bincike ya nuna raba ƙwaya ɗaya tak ga mutanen ƙauye ya rage yawan masu kamuwa. Ɗigon ido da na kunne ba su ne ake wannan gargaɗi a kansu ba. Haka sauran magunguna masu fulorin, irin su Dolutegravir na masu ɗauke da HIV, ko Fluconazole, ba laifin sifro ne a kansu ba, kowane da nasa hukuncin. Kuma labarin Trovan ba hujja ba ce ta guje wa allurar rigakafi. Irin waɗannan ranaku na annoba da cuta mai tsanani ne nake so sifro ya kai da ƙarfinsa, kada mu ƙarar da shi a kan mura.

Malam mai kyamis, lasisinka bai ba ka damar sayar da wannan magani ba, kuma ka sani. Mutumin da ke gabanka amana ce. Idan ya ce a ba shi sifro, ka nuna masa hanyar asibiti, ribar kati ɗaya ba ta kai alhakin ƙafar magidanci ba. Likitoci da ma'aikatan jinya, kafin ku rubuta ku tambayi shekaru, ku tambayi deksa, suga, farfaɗiya, ƙoda da zuciya, ku kuma faɗa wa majiyyaci da Hausar da zai gane alamun da zai dawo idan ya gani. Illar da kuka gani ku kai rahotonta ga hukumar NAFDAC, don abin da ba a rubuta ba kamar bai faru ba ne a idon hukuma. Hukumar NAFDAC da majalisar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa, da takwarorinsu na Nijar, muna roƙon a buga wannan gargaɗi da Hausa, a karanta shi a rediyo, a kuma raba waɗannan ƙwayoyi da farantin 'yan talla.

Kai kuma ɗan uwa, yau ɗin nan ka buɗe ledar magungunan gidanka ka karanta sunayensu. Wanda ya ƙare da "floxacin" kuma ba likita ne ya rubuta shi don ciwon da ake ciki yanzu ba, kada kowa ya ƙara sha, kada kuma a bai wa maƙwabci. Idan kana kan shan sa bisa umarnin likita, sai ka ji ciwo ko kumburi a agara, ko zugi da sagewa a ƙafa da hannu, ko ruɗewa, ko zuciyarka ta rikice, ka dakata da ƙwaya ta gaba, ka hutar da ƙafar, ka ɗauki kwalin ka koma asibiti a ranar domin a sauya maka wani. Kada ka jira sai katin ya ƙare.